Zuwa Svalbard a jirgin ruwa mai tafiya da iska: zai yiwu?

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya kai kansa tsibiran Svalbard na ƙasar Norway a jirgin da iska ke turawa. Zai yiwu, amma ba tafiyar ɗan koyo ba ce. Galibi daga birnin Tromsø da ke arewacin Norway ake tashi a ratsa tekun Barents, kwana huɗu zuwa biyar in iska ta yi daidai. Tsibirin Bjørnøya na tsakiyar hanya, sai dai hazo yakan rufe shi, kuma ba shi da tashar kirki. Yuni zuwa Agusta ne lokacin, sa'ad da ƙanƙara ta janye daga gaɓar yamma.

Biza ce ke rikita namu. Svalbard ba ta neman biza, albarkacin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1920 kan tsibiran, kuma ba ta cikin Schengen, wato yankin ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya. Amma ta Norway za ka shiga, ta nan za ka dawo, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Schengen mai shiga sau biyu. Kafin tafiya a sanar da ofishin gwamnan tsibiran, a yi inshorar ceto. Wajen garin Longyearbyen kuwa, dole a riƙe abin korar farin beyar, shi ya sa ake ɗaukar bindiga.

A ganina ka biya kuɗin gurbi a jirgin ƙwararren matuƙi. Kuma ka tuntuɓi malaminka kan lokutan salla tun kana gida, domin daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana ba ta faɗuwa a can.