Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Za a Tsare Hotuna, Bidiyo da Muryoyin Iyali Bayan Sallah

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ranar Sallah ina tsaka da ɗaukar bidiyon hawa wayata ta ce wuri ya cika. Infinix ce mai 64GB. Hotunan yarana tun na suna duk suna ciki, ina tsoron gogewa. Yaya zan yi? (Wata uwa daga Pantami, Gombe)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Da wuya a ce hotuna ne suka cika wayar. Hoto ɗaya bai cika wuce 3MB zuwa 5MB ba, amma bidiyon minti ɗaya a 1080p yakan ci sama da 100MB, in kuwa kyamarar tana kan 4K sai ya ninka haka kusan sau uku. Minti goma kina bin dawaki da waya, giga ɗaya ta tafi ke nan. Sai kuma tarkacen WhatsApp. Ki shiga Settings na WhatsApp, ki taɓa "Storage and data", sannan "Manage storage". A nan za ki ga bidiyoyin barka da Sallah da aka yi ta turowa a guruf-guruf. Su za ki fara sharewa.

Game da hotunan yara kuwa, kada ki goge ko ɗaya sai kin tabbatar suna wani wurin. Ki buɗe Google Photos, ki taɓa hotonki da ke sama, ki kunna "Backup". Abin da kyamara ta ɗauka shi ne ke hawa da kansa. Na WhatsApp sai kin shiga "Back up device folders" kin zaɓe shi. Ki sayi datar dare don ta fi araha, ki sa wayar a caji ki bar ta. Idan ta rubuta "Backup complete", ki ari wata wayar ko kwamfuta ki shiga photos.google.com ki ga hotunan da idonki. Daga nan ne za ki danna "Free up space", wanda ke cire na kan waya ya bar na intanet.

A nan mutane ke yin asara: in kika danna alamar kwandon shara a cikin Google Photos, hoton zai tafi daga wayar da intanet ɗin baki ɗaya. Yakan zauna a kwandon kwana 60 in ya riga ya hau, daga nan shi ke nan. Ki kuma sani 15GB kawai Google ke bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da ajiyar WhatsApp duk daga ciki suke ci. Tun watan Yunin 2021 aka daina ajiyar hotuna mara iyaka. In 15GB ɗin ya cika, hotuna za su daina hawa, ke kuma kina zaton suna hawa.

Tambaya: Na kai wayata gyara, mai gyara ya yi mata fulashin. Hotunan mahaifinmu da ya rasu bara, har da na Sallarsa ta ƙarshe, duk sun tafi. Wani ya ce in ba shi kuɗi zai dawo da su. Gaskiya ne? (Wani matashi daga Azare)

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Wayoyin Android na shekarun nan suna kulle abin da ke cikinsu da mabuɗin sirri, fulashin kuma yana share mabuɗin. In a cikin wayar hotunan suke, babu manhajar da za ta dawo da su, kuma yawancin manhajojin da ke wannan alkawari ƙananan kwafi masu dishi-dishi kawai suke nuna maka don ka biya.

Amma akwai ƙofofin da ya kamata ka ƙwanƙwasa. Ka shiga Google Photos da ainihin Gmail ɗin da ke kan wayar kafin gyara, ba sabon da aka buɗe maka a shago ba. Sau da yawa ajiyar tana kunne mai wayar bai sani ba. In da memori a wayar, cire shi yanzu, kada ka ɗora masa komai, domin sabon fayil kan hau kan gurbin tsohon. A sa shi a kwamfuta a bi shi da manhajar dawo da fayiloli, PhotoRec ko Recuva, duka kyauta ne. Wannan ba zai yi aiki ba idan an taɓa mayar da memorin wani ɓangare na ma'ajiyar waya, don shi ma a kulle yake. Sannan ka bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, ka duba Facebook ɗinka da nasu. Hoton Sallah da wuya ya kwana a waya ɗaya.

Matsalar da ta fi yawa ita ce mutum bai san kalmar sirrin Gmail ɗinsa ba, mai shago ne ya buɗe masa, layin da aka yi rajista da shi kuma ya ɓace. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya sake sayar da shi ga wani. Google ma yana da ikon goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. A rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda, a adana tare da takardun gida. Kuma duk mai kai waya gyara ya cire memorinsa, ya faɗa wa mai gyara ƙarara cewa kada a yi fulashin sai da izininsa.

Tambaya: Ina da saƙonnin murya na mahaifiyata marigayiya a WhatsApp. Zan canza waya, ba na so su ɓata. (Wata baiwar Allah daga Misau)

Amsa: Allah ya gafarta mata. Malama, kada ki dogara da ajiyar WhatsApp kaɗai, ki fitar da su daban. Ki danne saƙon, ki zaɓi "Share", ki tura shi Drive ko Gmail ɗinki. In suna da yawa, ki shiga manhajar fayiloli ki bi Android, media, com.whatsapp, WhatsApp, Media, har zuwa "WhatsApp Voice Notes", ki kwafe jakar gaba ɗaya zuwa kwamfuta ko filash. Sunayensu na ƙarewa da .opus; in wata na'ura ta ƙi buɗewa, manhajar VLC na buɗe su. Kada ki sayar da tsohuwar wayar sai kin saurare su a sabon wurin.

Tunda an zo nan, masu sauran tsofaffi a raye su yi amfani da taron Sallah. A nemi izininsu, a kunna manhajar naɗar murya, a ajiye wayar kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakinsu, a kashe fanka, a nisanci janareta. A fara da faɗin kwanan wata da sunan mai magana. Hirar awa guda ba ta cika wuce 60MB ba, ba ta kai bidiyon minti ɗaya ba ke nan, ga shi za ta ɗauke asalin gida da sunayen kakanni da ba a rubuta ko'ina ba.

Tambaya: Me ya sa hotunan da ake turo mini ta WhatsApp ke dishewa in na kai a wanke? (Daga Kumo)

Amsa: WhatsApp na matse hoto don rage cin data. Ka ce wa wanda ya ɗauka ya turo ta "Document", zai iso yadda yake. Alamar HD ta fi turawar da aka saba, amma ita ma tana ɗan matsewa. In kuna wuri ɗaya, Xender ko Quick Share sun wadatar.

Tambaya: Na sayi memori 128GB da araha, na zuba bidiyon bikin ƙanwata. Sunayen suna nan amma ba sa buɗewa. (Daga Yalwa, Bauchi)

Amsa: Alamar jabu ce. Ana ɗaukar ƙaramin memori, misali mai 8GB, a sauya masa bayani ya riƙa nuna 128GB. Da ya cika ainihin cikinsa, abin da aka ƙara ko dai ya bi iska ko ya hau kan na baya, sunaye kawai ke saura. Wanda ya ɓata ta haka ba ya dawowa, sai dai ka koma wurin mai ɗaukar bidiyon ko yana da kwafi. Sabon memori a fara gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw, wadda ke cika shi taf ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa. Ko na ƙwarai ma ba abin jefawa a durowa a manta ba ne, zafi irin na watan Afrilu da daɗewa ba a jona ba suna lalata abin da ke ciki. Ni dai shawarata kwafi uku: waya ko kwamfuta, intanet, da hard disk (babbar ma'ajiyar fayiloli) na waje da za a ajiye a gidan wani ɗan'uwa, a riƙa jona shi duk Sallah ana dubawa.

Tambaya: Muna da albam na hotunan iyayenmu da kaset ɗin bidiyon aurensu. Wasu hotunan sun manne da leda. (Wani magidanci daga Dukku)

Amsa: Alhaji, kada a ɓamɓaro wanda ya manne, fuskar hoton za ta biyo ledar. A ɗauke shi a yadda yake da PhotoScan, manhajar Google da ke sa ka bi ɗigo huɗu don ta kawar da ƙyalli. A yi a inuwa da rana, a goge gilashin kyamara tukuna. Waɗanda suka fita lafiya a kai su sikana a 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto), ƙanana irin na fasfo a 600. Ban da lamineshin: zafinsa na ɓata hoto, kuma ba ya ciruwa. A rubuta sunaye da shekara a baya da fensir tun masu gane fuskokin suna nan, a ɗaga albam ɗin daga ƙasa saboda gara da damshin Agusta.

Kaset kuwa a leƙa ta tagarsa. In an ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce, kada a sa shi a na'ura sai wanda ya iya ya tsaftace shi, in ba haka ba zai tsinke ko ya toshe kan na'urar. Juyawa na buƙatar na'urar bidiyo mai aiki da ɗan abin jonawa na USB, kuma kaset na awa uku awa uku zai ci. Ka ce a ba ka fayil ɗin MP4 a filash, ba faifai kaɗai ba, ka kuma karɓo kaset ɗinka. In bikin yana kan faifan VCD ne, a kwafe jakar MPEGAV zuwa kwamfuta. In DVD ne, jakar VIDEO_TS. VLC na kunna duka biyun.