Kumburin Hannu Bayan Aikin Sankarar Mama: Ko Tiyata Tana Maganinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An yi wa mahaifiyata aikin sankarar mama, an kuma yi mata gashi (ƙona sankarar da hasken na'ura). Yanzu hannunta na ɓangaren ya kumbura ya yi nauyi, ko awarwaro ba ya shiga. Akwai tiyatar da ke raba ta da wannan? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Hajiya lafiya. A wajen aikin akan cire kaluluwar hammata, gashi kuma yana bar wa wurin tabo, sai ruwan jiki da ke bin ƙananan hanyoyi zuwa kaluluwar ya rasa mafita ya taru a hannu. Kusan mace 1 cikin 5 da aka yi wa wannan aiki na gamuwa da haka. Amma kafin a yi maganar tiyata, dole likitanta ya tabbatar ba sankarar ce ta dawo ba, ba kuma jini ne ya daskare a jijiya ba.

Ana farawa ne da tausa ta musamman wurin likitan gashin ƙashi, naɗin bandeji, motsa hannu da safar hannu mai matsewa, wadda ake sauyawa kusan duk wata 6 don robar tana saki. Ƙwayoyin sa fitsari ba sa maganinsa.

Idan an yi watanni ba sauƙi, yanayin hannun ne zai nuna aikin da ya dace. Ki danna babban yatsa a wurin na minti 1. In ya lotsa, ruwa ne ya fi yawa. A nan ana iya ɗinke ƙananan hanyoyin ruwan, waɗanda faɗinsu bai kai milimita 1 ba, da ƙananan jijiyoyin jini a ƙarƙashin madubin tiyata, ruwan ya samu inda zai kwarara. Likitan Japan Isao Koshima ne ya yi fice a wannan aiki. Sai dai in hanyoyin sun riga sun toshe, ba abin da za a ɗinka, shi ya sa jinkiri ke cutarwa. Akwai kuma dashen kaluluwa daga matsematsi, wuya ko cikin ciki, amma wurin da aka ɗebo na iya kumbura shi ma.

In bai lotsa ba, kitse ne ya taru, sai dai a zuƙe shi da na'ura. Hannun kan koma kusan daidai da ɗan'uwansa, da sharaɗin sa safa dare da rana har ƙarshen rayuwa. Da ta ajiye, kumburi zai dawo. Ko sauran ayyukan biyu, rage kumburi suke yi, mata da yawa kan ci gaba da sa safar.

Don Allah kada a kai ta wurin wanzami a yi tsaga ko ƙaho, domin ƙaramin rauni kan jawo ƙwayoyin cuta su mamaye hannun. In ya yi ja, ya ɗau zafi, ga zazzaɓi, a kai ta asibiti a ranar, a fara mata maganin kashe ƙwayoyin cuta.