Shin kowa na iya kafa tanti ko yin farauta a filayen gwamnatin Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a yammacin Amurka. Abokan karatuna sun ce filayen gwamnati na kowa ne, mutum na iya zuwa ya kwana a daji, ya kama kifi, har ya yi farauta. Shin haka abin yake? Me ya kamata in sani kafin in fita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar abokanka tana da ƙamshin gaskiya, amma ba su kai ta ƙarshe ba. Gwamnatin tarayya na riƙe da kusan eka miliyan 640, wato fiye da rubu'in faɗin ƙasar, kuma akasarinsu a jihohin yamma suke. A Nevada ma sun kai kusan kashi 80 cikin 100. Sai dai ba hukuma ɗaya ke kula da su ba, saboda haka abin da za ka fara bincika, kafin ka ɗaure kaya, shi ne wace hukuma ce ke riƙe da wurin da ka nufa, domin abin da aka yarda da shi a nan yana iya jawo maka tara a filin da ke maƙwabtaka da shi.

Wuraren da aka fi tsaurara doka su ne manyan gandayen shaƙatawa na ƙasa, irin su Yellowstone da aka keɓe a 1872, waɗanda ke hannun wata hukuma da aka kafa a 1916. A nan za ka yi yawon ƙafa, ka hau dutse, ka kalli namun daji, amma kwana sai a sansanin da aka ware ko da takardar izini, farauta kuwa an hana ta a mafi yawansu, haka ma tayar da ƙaramin jirgi marar matuƙi tun daga 2014. A Yellowstone doka ta ce ka bar tazarar yadi 25 tsakaninka da bauna, yadi 100 kuma tsakaninka da beyar ko kyarkeci. Kada ka ɗauki wannan da wasa, domin baunar da ka gani tana kiwo cikin natsuwa ta fi mutum gudu nesa ba kusa ba.

Abin da abokanka ke nufi ya fi dacewa da filayen BLM, wato hukumar kula da filaye ta tarayya, mai kusan eka miliyan 245, da na hukumar gandun daji, mai kusan eka miliyan 193. A yawancin waɗannan kana iya kafa tanti a wajen sansani ba tare da biyan ko sisi ba, galibi har tsawon kwana 14 a wuri guda. A ganina wannan ne mafi daɗin abin da waɗannan filaye ke bayarwa, amma nauyinsa duka yana wuyanka: babu famfo, babu makewayi, babu mai kwashe shara. Duk abin da ka shiga da shi, da shi za ka fita, kuma ana so ka nisanta tantinka da ƙafa 200 daga bakin ruwa don kada ka gurɓata shi ko ka hana dabbobi zuwa sha. Da rani akan hana hura wuta gaba ɗaya, saboda mafi yawan gobarar daji a ƙasar daga hannun mutane take tashi.

Farauta da kamun kifi kuwa, ko da filin na tarayya ne, galibi lasisin a hannun jiha yake, ita ce ke tsaida lokaci da adadin abin da za a ɗauka. Akwai kuma yankunan da dokar 1964 ta keɓe a matsayin daji tsantsa, inda ko keke ba a shiga da shi, balle mota. Idan ka tsinci tsohon kan kibiya ko fasasshiyar tukunya ta 'yan asalin ƙasar, ka bar ta inda take, domin doka ta hana ɗauka.

Abin da ya fi damuna da sababbin zuwa shi ne ruwa, rashinsa da yawansa. A hamada ka tanadi aƙalla lita huɗu ga kowane mutum a kowace rana, ka kuma gaya wa wani inda za ka da ranar dawowarka, tun da waya ba ta kamawa a wurare da dama. Kwazazzabai masu ƙunci kuma suna cika da ambaliya cikin 'yan mintuna, ko da ruwan a can nesa ya sauka alhali sama tana garau a kanka. A watan Satumba na 2015 mutum bakwai sun rasu ta haka a wani kwazazzabo na gandun Zion da ke Utah. Ranar da za ka shiga, ka fara biyawa ta ofishin ma'aikatan wurin, ka tambaye su hasashen yanayi da halin da hanyoyi ke ciki, sannan ka karɓi taswira ta takarda.