Me Ya Sa Mujalla Ke Shan Wahala Kafin Ta Isa Hannun Mai Karatu a Asiya?

Tambaya: Ni mai sana'ar ɗab'i ne, ina kuma bibiyar harkar mujallu. Asiya ta fi kowace nahiya yawan jama'a, ga masu karatu birjik, amma kullum kamfanonin mujallu na can kuka suke da rarrabawa. Wayar hannu ce kaɗai ta jawo, ko da wani abu a ƙasa?

Amsa: Malam, waya ta yi nata ɓarnar, babu musu. Amma inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin kai kaya. Mujalla kamar tumatir take: ta mako in ta kwana bakwai a kanti ta zama kwantai. Dole a kai ta da wuri, a wurare da yawa, a kuma kwaso wadda ba a saya ba. Wannan zirga-zirga ba ta biyan kanta sai kayan suna da yawa. Da zarar ciniki ya ragu, motar nan dai ita ce za ta tashi, man nan dai shi za a sha, amma ribar ta tafi.

Japan ce ta fi nuna wannan a fili, don ita ce ta fi kowa tsari. Manyan dilolin sari biyu, Nippan da Tohan, su ke riƙe da mafi yawan kasuwar. Mai kanti ba ya sayen mujalla kai tsaye, ajiye masa ake yi. Abin da ya sayar ya cire ladansa, saura ya mayar. Kuma ba shi da ikon rage farashi don ya rabu da ita. Tsarin ya yi aiki lokacin da kasuwa ke ci. A 1995 mujallar zane ta Weekly Shonen Jump ta kai kwafi miliyan 6.53 a fitowa guda, a 1996 kuma cinikin ɗab'i a ƙasar ya kai ƙololuwarsa. Yau abin da ake mayarwa na mujallu yana kai wa wajen kashi 40 cikin 100. Ka lissafa: an biya takarda, an biya bugu, an biya mota zuwa da dawowa, sannan a niƙe kayan.

Sai ga dokar Afrilun 2024 da ta ƙayyade wa direbobin manyan motoci ƙarin lokacin aiki zuwa awa 960 a shekara, a ƙasar da dama direbobin sun yi ƙaranci kuma sun manyanta. Nippan ta ce asara ta ishe ta, ta janye daga kai mujallu ƙananan shagunan Lawson da FamilyMart a farkon 2025. Tohan ta karɓa, amma ba duka ba. Shaguna wajen 10,000 suka rasa mai kawo musu. A garin da babu kantin littattafai, wannan shagon ne kaɗai inda ake ganin mujalla. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne littattafai ma a motar mujallu suke raɓewa tun asali, don haka ciwon ya shafe su.

Indiya matsalarta daban. Masu karatu na nan, amma a rarrabe cikin harsuna: mai karanta mujallar Vanitha da harshen Malayalam a jihar Kerala ba shi ne mai sayen mujallar Hindi ko Tamil ba. Farashin kwafi kuma ƙasa yake ƙwarai, talla ce ke ɗauke da nauyi, ladan dillali bai taka kara ya karya ba. Rumfunan tashoshin jirgin ƙasa, irin na kamfanin A.H. Wheeler da aka kafa a 1877, sun daɗe suna zama babbar kafa, sai kullen korona na Maris 2020 ya tsayar da jirage. Da kamfanoni suka koma ga masu biyan kuɗin shekara, sai ƙorafin kwafi na ɓacewa a hanya ya taso, har hukumar gidan waya ta fito da tsari na musamman mai bin sawun kowace mujalla.

Indonesiya mai tsibirai sama da 17,000 da Filifin mai sama da 7,000 ba sai an yi dogon bayani ba. A Filifin ɗin, kamfanin Summit Media ya daina buga mujallunsa a takarda a 2018.

Akwai kuma hannun hukuma, wanda a ganina masu shigowa daga waje suka fi raina shi. A Sin ba ka buga mujalla sai da lambar izini ta gwamnati, baƙo kuma ba ya samunta sai ya haɗa gwiwa da kamfanin gida, kamar yadda mujallar Elle ta yi a Shanghai a 1988. Rumfunan jarida ma raguwa suke. Birnin Zhengzhou ya kwashe nasa a 2012. Singafo ta taɓa rage wa mujallar Time kwafi daga 18,000 zuwa 9,000 a 1986, sannan zuwa 2,000 a farkon 1987, saboda taƙaddama kan wani rahoto. A 2011 sai da mujallar The Economist ta Landan ta liƙe taswirar Kashmir, yankin da Indiya da Pakistan ke taƙaddama a kansa, da farar takarda a kwafi 28,000 kafin Indiya ta bari su shiga. A Tailan kuwa dillalan da kansu sukan ƙi raba fitowar da ta taɓa gidan sarauta, don dokar can tana iya kai mutum kurkuku shekara 15, kuma mai rabawa ne ke kusa da hannu, ba editan da ke zaune a Landan ba.