Tambayi Likita: Guba ma Tana Bambanta Launin Fata?

Likita, na ji ana cewa "wariyar launin fata a muhalli". Wai guba ma tana zaɓen fata?

Malam, guba ba ta da ido. Masu yanke shawarar inda za a zuba ta su ne ke zaɓe. Maganar ta yi ƙarfi a Amurka a 1982, lokacin da aka haƙa ramin binne ƙasa mai gubar PCB, wani sinadarin masana'antu, a gundumar Warren ta jihar North Carolina, inda baƙaƙen fata suka fi yawa. Mutane suka kwanta a kan titi don tare motocin, aka kama fiye da 500. Juji da masana'anta da babbar hanya sukan sauka ne a unguwar da ba ta da bakin magana.

Ina da yara ƙanana, gidanmu tsoho ne. Tafasa ruwa na kawar da gubar dalma?

A'a, Hajiya, kuma don Allah ki riƙe wannan. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma ƙarfe ce. Ruwa ya ƙone, ita ta ƙara yawa a cikin tukunya.

Dubi garin Flint na jihar Michigan a Amurka. A Afrilun 2014 aka koma ɗebo ruwa daga kogin garin don rage kashe kuɗi, ba a sa maganin hana bututu tsatsa ba, sai dalmar tsofaffin bututu ta shiga ruwan. Iyaye suka riƙa kai kwalaben ruwa ja wurin taro, ana ce musu lafiya lau. Sai a Satumban 2015 likitar yara Mona Hanna-Attisha ta nuna dalma ta ƙaru a jinin yara. Fiye da rabin mutanen garin baƙaƙe ne, kuma ni dai ban yarda da an yi wa unguwar attajirai wannan kunnen ƙashi ba.

Abin tsoro, yaro yana iya wasansa ras, alhali dalma tana taɓa masa ƙwaƙwalwa. Gwajin jini ne kaɗai ke tona ta. Ki kai yaranki a gwada su. Ki riƙa barin famfo ya zuba kafin ki tara, kuma kada ki dama madarar jariri da ruwan famfon zafi.

Tunda muka koma kusa da babbar hanya ɗana ke tari da dare, ƙirjinsa na fito.

Wannan ya yi kama da asma, kuma hayaƙin dizal na tayar da ita. A kai shi asibiti a auna numfashinsa. Idan ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓensa ya canza launi, kada a jira gari ya waye.