Tambayar kamannin mutum da Turanci: "how" ko "what"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani otal a Misfala, nan Makka. Wata hajiya 'yar Malesiya ta zo hankali tashe, mijinta ya ɓace mata a Harami. Na so in ji kamanninsa, sai na ce mata "How does he look like?" Ta fahimce ni, amma abokin aikina ya ce ba haka ake faɗa ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin aikinka ya yi gaskiya. Hausarka da Larabcinka ne suka haɗa kai suka ja ka. Mu muna cewa "yaya kamanninsa suke?", mutanen Hijaz kuma su ce "kef shaklu?" Dukansu da "yaya" suka fara, shi ya sa baki ke zarcewa zuwa "how". To amma "like" ɗin nan "kamar" yake nufi, kuma abin kwatance yake nema, wato kamar me. Abokin tafiyarsa "what" ne. Abin da ya kamata hajiyar ta ji shi ne "What does he look like?"

Idan ka riƙe "how", dole ka yar da "like", kuma ma'ana ta sauya. "How does he look?" galibi yanayin mutum take tambaya a wannan lokacin. Ita za ka yi wa wanda ya dawo daga dubiya a asibiti, ya amsa maka da "He looks tired", wato da alamar gajiya a jikinsa.

Akwai wasu guda biyu da suka fi wannan kunyata mutum. Ka manta "look" ka ce "What does he like?", ka tambayi abin da yake so ke nan. Matar da ke neman mijinta sai ta tsaya tana kallonka, ko ta ce maka shayi da dabino. "What is he like?" kuma yawanci hali take nufi: mai haƙuri ne ko mai faɗa. Sannan bayan "does" ba a ƙara "s", saboda haka babu "does he looks".

Ni a ganina, a wurin aikinka wannan tambayar buɗe ƙofa ce kawai. A hajjin 2024 alhazai sun haura miliyan 1.8, kuma mazan da ke cikin ihirami duk mayafi biyu farare ne a jikinsu, tambayar tufafi ba ta kai ka ko'ina. Wanda ya ruɗe ma ba ya iya zana maka mutum. Ka taimaka masa da gajerun tambayoyi: "Is he tall?", "Does he have a beard?", "Does he wear glasses?" Tsayi da jiki da "is" suke tafiya, gemu da gashi da "have".

Ka kuma yi hattara da "dogo". Hausa kalma ɗaya take ba mutum da igiya, haka "ɗawil" a Larabci. Turanci ya raba: igiya "long", mutum "tall". Idan hajiyar ta gama kwatance, ka nemi ta nuna maka hoton mijin a waya.