Dalilin da karin waƙoƙin coci ya fi tsira

Malam, ka tambaya me ya sa karin waƙoƙin cocin Turai na dā ya tsira, na mawaƙan fada kuma ya salwanta. Alƙalami yana hannun malaman coci ne. Tun ƙarni na 9 suke ɗiga alamomi a saman kalmomi, sai dai alamar hawa da saukar murya kawai take nunawa, wanda bai haddace waƙar ba sai ya ɓata. Wajen 1030 wani malamin coci, Guido na garin Arezo a Italiya, ya ɗora alamomin kan layuka, kowane sauti ya sami mazauninsa.

Mawaƙan fada masu waƙoƙin soyayya na kudancin Faransa kuwa baki da baki suke koyarwa. Waƙoƙinsu kimanin 2,500 sun iso mu, amma kusan ɗaya cikin goma ne kaɗai ke da kari, shi ma ba a nuna tsawon kowane sauti ba. Wannan asara ce babba.